Foldar da Kuke Rabawa a Gida Ta Daina Buɗewa a Waya? Dakata Kafin Ka Yi Fomatin

A Darna Sabon Gari, cikin ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, akwai wani matashi mai ɗaukar hoton biki da ya yi wa gidansu dabara. Ya ajiye tsohuwar laftof a ɗakinsa, ya zuba mata hotunan aiki, karatuttukan malamai da fina-finan Hausa, sannan ya buɗe folda guda ga duk wayar da ke kan MiFi ɗin gidan. Ƙannensa suna kallon fim ta VLC daga tsakar gida, shi kuma yana jawo hotunan kwastoma zuwa wayarsa ba tare da waya ko filashi ba.

Wata safiya, bayan an kwana babu wuta, foldar ta ƙi buɗewa a kowace waya. Ga hotunan wani biki da ya yi alƙawarin kai wa dangin amarya a Birnin Konni, ƙetaren iyaka, a ranar. Abokinsa ya ce bairos ne, a yi wa laftof ɗin fomatin. Da ya bi shawarar, da hotunan sun tafi ke nan, domin ba shi da kwafinsu a ko'ina. Ashe lamba ɗaya ce kacal ta canza a adireshin kwamfutar.

Idan folda ta ɓace daga wayarka, a mafi yawan lokuta fayilolin suna nan lafiya, hanyar zuwa wurinsu ce ta toshe. Fara buɗe foldar a kan kwamfutar kanta. Idan ka ga kayanka, hankalinka ya kwanta, sai ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: kan Wi-Fi ɗaya kuke?

Raba folda a gida ba ya cin data. Ko da datar MiFi ta ƙare, waya da kwamfuta za su iya ganin juna, muddin suna kan na'ura ɗaya. Matsalar ita ce wayoyin Android da yawa, da zarar sun ga Wi-Fi babu intanet, sai su koma kan datar layin waya a ɓoye, alhali alamar Wi-Fi tana nan a saman allo. Wannan yana iya samun masu layi biyu ma, kamar yadda aka saba a garuruwan iyaka, inda mutum kan riƙe layin Najeriya da na Nijar a waya ɗaya. Kashe datar layukan gaba ɗaya, ka sake gwadawa. Idan wayar ta tambaye ka ko ta ci gaba da zama a kan Wi-Fi marar intanet, ka amince. Haka nan ka kashe VPN idan kana amfani da shi, don wasunsu suna hana waya ganin na'urorin cikin gida.

Na biyu: adireshi ya canza

Wannan ne ya kama mai hoton. Duk na'urar da ta hau Wi-Fi, rawuta tana ba ta lambar adireshi, wato IP, misali 192.168.0.101. Aro ne ake ba ta, ba mallaka ba. Idan wuta ta ɗauke, ko batirin MiFi ya mutu, aka sake kunnawa, ƙananan na'urori da yawa sukan sake rabon lambobin, wanda ya riga hawa ya ɗauki ta farko. Sai laftof ta koma 192.168.0.103, manhajar wayarka kuwa tana can tana sallama a tsohon gida.

A kan Windows, buɗe cmd ka rubuta ipconfig, ka duba layin IPv4 Address. A waya kuma, shiga saitin Wi-Fi ka taɓa sunan wanda kake kai, za ka ga lambarta. Rukuni uku na farko su zama iri ɗaya a na'urorin biyu, na huɗun ne kawai zai bambanta. Idan ka ga lambar kwamfutar ta fara da 169.254, ba ta samu adireshi daga rawuta ba ke nan; kashe Wi-Fi ɗinta ka sake kunnawa.

Da ka samu sabuwar lambar, sai ka gyara ta a manhajar da kake amfani da ita, ko Cx File Explorer ce ko Solid Explorer. Masu iPhone kuma su shiga manhajar Files, wadda ta fara buɗe irin waɗannan foldoji tun iOS 13 a 2019, su rubuta smb:// sannan lambar.

Maganin dindindin shi ne ka shiga shafin rawutar, wanda adireshinsa ke rubuce a jikinta ko a ƙarƙashin batiri, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, ka keɓe wa kwamfutar lamba guda a sashen DHCP. Idan hotspot ɗin waya kuke amfani da shi a madadin rawuta, ka sani sababbin wayoyin Android sukan canza lambobin idan an sake kunna shi, don haka sai ka riƙa dubawa.

Na uku: Windows ta ɗauka a kasuwa take

Windows tana kasa Wi-Fi gida biyu: Public da Private. Idan ta sa naka a Public, tana ɗaukar sa kamar na otal ko tashar mota, sai ta ɓoye kanta daga kowa. Windows 11 tana sa sabon Wi-Fi a Public tun farko, don haka canza MiFi ko sake masa suna kaɗai ya isa ya rufe foldar. Shiga Settings, sashen Network & internet, ka mayar da shi Private. Daga nan ka tabbatar Network discovery da File and printer sharing suna kunne.

Ka duba kuma ko laftof ɗin barci ta yi. Idan tana kan batiri takan kwanta bayan 'yan mintoci, foldar kuma ta tafi da ita.

Na huɗu: kalmar sirri

Idan wayar tana ganin kwamfutar amma tana ƙin sunanka, ka tuna cewa lambar PIN da kake buɗe laftof da ita ba ta aiki a nan. Cikakkiyar kalmar sirrin asusun ake so. Kuma a tsarinta na asali, Windows ba ta barin asusun da ba shi da kalmar sirri ya shigo ta Wi-Fi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ƙirƙiri wani asusu na daban don 'yan gida, ka ba shi izinin karantawa kawai, yadda ƙaramin yaro ba zai goge maka aiki ba.

Sabuntawar Windows 11 ta 24H2, wadda ta fito a 2024, ta ƙara tsaurara tsaro a nan. Shi ya sa wasu suka wayi gari kwamfutarsu ta daina buɗe filashin da ke jikin tsohuwar rawuta, ko foldar da a da ake shiga ba kalmar sirri.

Na biyar: rawutar ce ta raba ku

Wasu rawutoci suna da saiti mai suna AP Isolation, wanda ke bai wa kowa intanet amma ya hana na'urori ganin juna. Wi-Fi na baƙi, wato Guest, haka yake aiki. Idan adireshi daidai ne, Windows tana kan Private, amma har yanzu shiru, to a nan za ka leƙa ka kashe shi.

Abubuwa biyu da bai kamata ka yi ba

Za ka ci karo da bidiyoyi a YouTube masu cewa ka kunna SMB1. Tsohon tsari ne, kuma ta kafarsa ce bairos ɗin WannaCry ya bazu a watan Mayun 2017, ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila. A shekarar ce Microsoft ya fara fitar da Windows 10 ba tare da kunna shi ba. Idan manhajar wayarka sai da SMB1 take aiki, manhajar ce ta tsufa, canza ta.

Na biyu, kada ka kashe Firewall gaba ɗaya don folda ta buɗe. Laftof ɗin da ka buɗe a gida ita ce gobe za ta hau Wi-Fi ɗin shagon buga takardu a cikin Illela, ko na makaranta a Sakkwato.

Mai hoton nan, bayan ya gyara lambar a wayarsa, ya keɓe wa laftof ɗin adireshi a MiFi, ya rubuta shi a takarda ya manna a jikinta, ya kuma sayi filashi yana kwafe hotunan kowane biki kafin ya kwanta. Kai ma ka yi hakan tun yau, domin foldar da ake rabawa tana sauƙaƙa ɗaukar fayil ne kawai, ba ta zama kwafi na biyu ba. Ranar da hadis ɗin kwamfutar ya mutu, babu saitin Wi-Fi da zai dawo da abin da ke ciki.