Shin Ko Kun San Ana Gasa Zaren Kaset Don A Ceto Abin Da Ke Ciki?

Eh, gasawa! Tsohon zaren naɗar sauti ko bidiyo idan ya sha danshi, ƙaron da ke riƙe da garin maganaɗisun jikinsa yakan jiƙe ya yi danƙo. Ka saka shi a na'ura, sai ya riƙa ƙara yana zubar da baƙin datti, murya na gogewa kana kallo. Magani? Masana su sa shi a tanda mai zafin kusan digiri 50, awanni masu yawa, wani lokaci har kwanaki. Da ya bushe sai a kwafe shi maza-maza, don danshin zai dawo. Amma fa kada wani ya cusa kaset ɗin Shata a tandar burodi, ba irin wannan wutar ba ce!

Shi kuwa garin maganaɗisun nan mai ruwan ƙasa? Ɗan'uwan tsatsa ne. A kansa duniya ta ajiye muryoyinta shekara da shekaru!

Ga faifan fulofi. Wanda IBM ya fara fitarwa a 1971 faɗinsa inci 8, abin da yake ɗauka kuwa kilobait 80 kacal. Ƙaramin nan mai inci 3.5 yana ɗaukar megabait 1.44. Hoto ɗaya na wayarku ba zai shiga ba! Duk da haka sojin Amurka ba su daina amfani da mai inci 8 wajen aika saƙonnin makaman nukiliya ba sai 2019. Japan kuwa sai 2024 ta soke dokokin da suka tilasta amfani da fulofi a ma'aikatun gwamnati.

Ku tsaya ku ji wannan. Hotunan wata da kumbunan Lunar Orbiter suka ɗauko a 1966 da 1967 suna kan zare wajen 1,500, amma ina na'urar karanta su? Wata ma'aikaciyar NASA, Nancy Evans, ce ta adana tsofaffin na'urorin, kowacce kamar firji, a garejin gidanta. A 2008 aka tayar da su a wani shagon McDonald's da aka yi watsi da shi a Kalifoniya. A inda ake soya dankali aka farfaɗo da hoton duniya tana leƙowa ta bayan wata!

Apollo 11 bai yi wannan sa'ar ba. A 2009 NASA ta ce bisa ga dukkan alamu an goge ainihin zaren saukar mutum a wata, aka sake naɗar wani abu a kai. Innalillahi!

Zane-zanen da mai zane Andy Warhol ya yi da kwamfutar Amiga a 1985? Sai 2014 aka sanar da an tono su daga fulofi.

To ku fa? Kaset ɗin Ɗan Maraya, bidiyon bikin Mama, tsofaffin finafinan Kano da ke cikin kwali a sito: ku ɗauke su daga danshin damina, ku nisanta su da lasifika, ku kai a kwafe muku tun na'urar tana juyawa.