Halin Direba da Gudun Mota a Hanyar Birchi

Shirin na yau ya leƙa hanyar da ta taso daga Katsina, ta ratsa Kurfi da Birchi zuwa Dutsin-Ma, garin da ya samu Jami'ar Tarayya a 2011, domin duba abin da ke sa wani direba ya sassauta idan ya shigo gari, wani kuma ya ƙara taka totur.

Masana halayyar ɗan Adam suna bambanta hali, wato ɗabi'ar da mutum ya tashi da ita kamar saurin fushi da son kasada, da kuma ra'ayi, wato yadda yake ɗaukar doka da haɗari. Binciken da Ulleberg da Rundmo suka wallafa a 2003 kan matasan ƙasar Nowe ya nuna cewa hali yakan bi ta kan ra'ayi kafin ya kai ga sitiyari, ta yadda mai son kasada yakan fara raina doka, sannan ya shiga tuƙin ganganci. Hali zanen dutse ne, in ji Hausawa, amma ra'ayin direba a tasha ake koyonsa, inda yake lissafin sawu da balas ɗin da zai kai wa mai mota, fasinja na cewa "Direba, ka taka mana, rana na yi," yaron mota kuma na jin ana kuranta wanda ya riga kowa sauke lodi. Mafi muni shi ne jingina komai ga ƙaddara, alhali addini ya yi umarni da riƙo da sababi.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya, tun ƙafa ba ta kai ga burki ba, kuma idan gudu ya ninka biyu, tazarar da burki ke buƙata takan ninka huɗu. Wannan ne ya sa doka ta ƙayyade kilomita 50 a cikin gari kamar Birchi, inda yaro mai talla ko amalanken shanu kan faɗo titi ba zato.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tilasta wa motocin haya na'urar ƙayyade gudu tun 2017, sai dai na'urar ba ta hana fasinja zuga direba. Don haka shugabannin tasha su daina ba mai ganganci lodi, fasinjan da ya ga gudu ya wuce ƙima kuma ya buɗe baki ya ce a rage.