Babur Ɗin Ruwa Ko Jirgin Iyali?

A arewacin ƙasar Amurka, kan iyaka da Kanada, akwai wata jiha da a ke kira Minesota. Mutanenta suna yi mata kirari da ƙasar tafki dubu goma, amma da gwamnatinsu ta ƙidaya sai ta sami tafki 11,842, ban da ƙananan kududdufai. Da hunturu ruwan nan ya kan daskare ya zama ƙanƙara mai kauri, har a kan tuƙa mota a bisansa. In watan Afrilu ya ƙare, Mayu ya kama, ƙanƙara ta narke, sai magidanta su fara ɗibar iyalinsu zuwa bakin tafki ran Asabar da Lahadi, domin shan iska da iyo da kamun kifi da wasan zamiya a kan ruwa. Kwanakin kuwa ƙidayayyu ne, zama kafin Oktoba ta ƙare sanyi ya komo.

A nan ne wata mas'ala ta ke tasowa, wadda ta kan raba kan gida. Mai gida ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi abin hawa na ruwa. Samarin gida suna son babur ɗin ruwa, uwargida tana son jirgi wanda kowa zai shiga. Yanzu kuwa mas'alar ta ƙetare teku, domin fataken da su ke zuwa Dubai sayen kaya sun ga baburan nan suna tsaga ruwa a bakin gaɓa, a Ikko ma ana hawansu, ga shi kuma dillalai ba su rasa abin faɗa wa mai kuɗi.

Wasan zamiyar nan a jihar aka ƙago shi. Cikin 1922 wani saurayi ɗan shekara 18, Ralph Samuelson, ya ɗaura alluna biyu na katako a ƙafafunsa, ya riƙe igiya, ɗan'uwansa ya ja shi da jirgi mai inji a tafkin Pepin, ya miƙe tsaye bisa ruwa yana tafiya. Bayan shekara kamar talatin, a farkon shekarun 1950, wani manomi na jihar mai suna Ambrose Weeres ya jera gangunan ƙarfe layi biyu, ya shimfiɗa dandamalin katako a kansu, ya kewaye da shinge. Wannan shi ne asalin jirgin ganguna, wanda a yau a ke ƙera shi da dogayen ganguna na alminiyam, a sa masa kujeru da rumfa da inji a baya. Ba shi da kyaun gani kamar sauran jirage, amma faɗinsa ya sa ba ya tangaɗi sosai a ruwa mai kwanciya, tsohuwa ta kan shiga da sandarta ba tare da fargaba ba.

Shi kuwa babur ɗin ruwa ƙane ne. Wani Ba'amurke, Clayton Jacobson, mai son tseren babur a tudu, shi ya tsara shi cikin shekarun 1960. Kamfanin Bombardier na Kanada ya fito da irin nasa mai suna Sea-Doo cikin 1968, bai karɓu ba, aka daina, sai 1988 aka komo da shi. Kamfanin Kawasaki na Japan ya fito da Jet Ski cikin 1973, wanda a tsaye a ke hawansa, sunan nan kuwa ya bi bakin mutane har su ke kiran kowane iri da shi. Yamaha ta biyo da WaveRunner cikin 1986, wanda a ke zama a kai kamar sirdi. Yawancin na kasuwa a yau irin na zama ne, mai ɗaukar mutum biyu ko uku.

To, a nan ya kamata mai saye ya tsaya ya fahimci yadda abin ya ke tafiya, domin a nan ne rai ya ke. Babur ɗin ruwa ba shi da farfela a waje, ba shi kuma da allon nan na baya da a ke juya jirgi da shi. Injinsa yana juya wata ƙaramar farfela cikin bututu, ta zuƙo ruwa ta ƙarƙashi, ta fesa shi da ƙarfi ta baya, ƙarfin feshin nan shi ke tura shi gaba. In mahayi ya karkata kan babur, bakin bututun ne ya ke karkata, ruwan ya fita ta gefe, babur ya juya. Watau juyawarsa duka ta dogara ga feshin ruwa. In mahayi ya saki totur, feshi ya mutu, ko ya murɗa kan babur iyakar ƙarfinsa ba zai juya yadda ya ke so ba, sai ya ci gaba da sulalewa inda ya dosa.

Abin lura shi ne, duk wanda ya saba da keke ko mota ko doki, in ya ga haɗari a gabansa, abin da jikinsa zai fara yi shi ne ya rage gudu sa'an nan ya kauce. A kan babur ɗin ruwa wannan ɗabi'a ita ce ta ke kai mutum ga abin da ya ke gudu. Sai wanda ya koya ya san cewa in zai kauce wa jirgi ko dutse ko mai iyo, dole ya ƙara wuta yana juyawa, alhali zuciyarsa tana ce masa ya saki. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta yi nazarin al'amarin cikin 1998, ta nuna wannan aibi, ta kuma lura da cewa a sauran jiragen shaƙatawa nutsewa ce ta fi kashe mutane, amma a babur ɗin ruwa karo ne. Daga baya maƙera sun yi gyara. Sun sa na'urar da ke taimakon juyawa in an saki totur, cikin 2009 kuma Sea-Doo ta fito da birki, watau wani marfi da ke sauka ya tare feshin ya mai da shi gaba. Amma tsofaffin babura na nan birjik a kasuwar na hannu, su ne kuwa masu araha, su ne kuma a kan loda a jirgi a kai ƙasashen waje.

Gudunsa ma abin dubawa ne. Manya daga cikinsu su kan kai mil 65 a awa. Mai lissafi ya buga ya gani, wannan ƙafa 95 ke nan a daƙiƙa guda. Kafin yaro ya waiwaya ya dubi abokinsa ya juyo, ya ci tsawon fili. Saboda haka ne dokar Minesota ta wajabta wa duk wanda ya hau ya sa rigar ceto, ta hana hawansa kafin ƙarfe 9:30 na safe, ta ce a sauka tun da sauran awa guda rana ta faɗi, kuma in an zo cikin ƙafa 150 daga gaɓa sai a yi tafiyar hawainiya. A jihar Fulorida ba a yarda wanda bai kai shekara 14 ya tuƙa ba, ba a kuma ba da haya ga wanda bai kai 18 ba. Cikin 2000 hukumar gandayen shaƙatawa ta ƙasar ta hana shi shiga yawancin ruwayen da ke hannunta, saboda ƙara da damun tsuntsaye da sauran masu hutawa.

Ba a ce ba shi da kirki ba. Kuɗinsa bai kai na jirgi ba: a 'yan shekarun nan sabo ya kan kama daga wajen dala 7,000 zuwa 20,000, alhali sabon jirgin ganguna mai kyau ya kan fi haka nesa. Ƙaramar mota tana jan tirelarsa, ya kan shige garejin gida, mutum guda ya kan sauke shi a ruwa ya fitar. Ga shi kuma babu farfela a waje da za ta sari wanda ya faɗa ruwa. Akwai wata igiya da mahayi ya ke ɗaurawa a hannu, in ya faɗi ta fizge, inji ya mutu nan take. Daɗin hawansa kuwa, waɗanda suka hau ba su musu a kai.

Amma ɗan kasuwa ba ya tambayar kuɗin kaya kaɗai, ya kan tambayi abin da kayan za su ɗauka. A ɗauki gida mai mutum bakwai, da mai gida da uwargida da kaka da yara huɗu. Babur mai kujera uku in zai ja mai zamiya, ƙa'ida ita ce a sami matuƙi, a sami mai kallon baya wanda zai faɗa in wanda a ke ja ya faɗi, a kuma bar kujera ta uku domin a ɗauko shi in ya gaji. Ashe ke nan mutum uku ke ruwa, huɗu suna zaune a gaɓa cikin rana suna jiran layi. Kaka ba za ta hau ba, jariri ba zai hau ba. In aka ce a sayi biyu domin a rage jira, kuɗi ya tasam ma na jirgi, ga inji biyu da za a yi wa hidima, ga inshora biyu, ga kuma samari biyu suna tsere da juna, wanda shi ne abin da a ke tsoro tun farko. Jirgi kuwa ya kan kwashe su bakwai ɗin tashi guda, da tulun ruwansu da abincinsu, a ja yara a baya bi da bi, in an gaji a kashe inji a jefa ƙugiya.

Akwai kuma zancen sutura, wanda dillali ba zai tayar ba. Maƙeran babur ɗin da kansu suna gargaɗi a nisantar da dogon gashi da tufa mai yalwa daga ramin da ke zuƙar ruwa, domin ya kan fizge su. Suna kuma umurtar mahayi ya sa matsattsen wando mai kauri na roba, zama wanda ya zame ta baya ya faɗa cikin feshin nan, ruwan ya kan shige shi ta ƙasa ya yi masa mummunan rauni a ciki. Mai babbar riga da mai mayafi sai su auna wannan da kansu. A jirgi mace ta kan zauna da lulluɓinta ƙarƙashin rumfa, in lokacin salla ya yi kuma akwai wurin tsayuwa, malaman fiƙihu kuwa sun daɗe da bayyana hukuncin salla a cikin jirgi.

Kada wannan ya sa a ɗauka jirgi ba shi da nasa sharri. Farfelarsa a waje ta ke, tana yanka kamar wuƙa, shi ya sa ba a barin inji yana aiki sa'ad da yaro ke hawowa ta baya. Hayaƙin injin yana ɗauke da wata guba marar launi marar wari, wadda ta kan taru a bayan jirgi ta sumar da mai iyo. Hidimarsa ma ta fi yawa: sai babbar mota ta ja shi, sai an biya kuɗin wurin ajiya, a ƙasar sanyi kuma sai an tsiyaye ruwan injin kafin hunturu don kada ƙanƙara ta fasa shi. Mafi girman sharrinsa kuwa daga alherinsa ya fito. Da ya ke yana da fili, ba a iya hana maƙwabci da ɗan'uwa shiga, kunya ta sa a yi ta ƙara mutum bisa mutum. Dokar Amurka ta sa a manna wa ƙananan jirage, waɗanda ba su kai ƙafa 20 ba, wani ɗan allo mai faɗin yawan mutane da nauyin da za su ɗauka. Ƙididdigar masu tsaron gaɓar ƙasar kuma shekara da shekaru tana nuna abu guda: cikin waɗanda suka nutse, fiye da takwas cikin goma ba su sa rigar ceto ba. Minesota ta wajabta ta ga duk yaron da bai kai shekara 10 ba muddin jirgi yana tafiya.

Mutanen ƙasar Kano ba su bukatar a kawo musu misali daga Amurka a kan wannan. Ran 30 ga Nuwamba 1921 ba a yi dam ɗin Watari ba tukuna, amma ran 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a cikinsa a ƙasar Bagwai, ɗauke da mutanen da suka fi ƙarfinsa, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. Mutum 29 ko fiye suka rasu. Allah ya jiƙansu. Wancan jirgin fito ne, ba na wasa ba, amma ruwa bai san bambanci ba.

In aka ɗora duka a ma'auni, mai iyali da ƙananan yara da tsofaffi jirgi ne nasa, ko da na hannu ne, muddin makaniki ya duba injin, an kuma sayi rigar ceto daidai jikin kowa kafin a sayi allon zamiya. Babur ɗin ruwa dokin sukuwa ne, ya dace da gidan da yaransa suka girma, suka iya iyo, suka kuma zauna aka koya musu tuƙi. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi umurni a koya wa yara iyo, Hausawa ma sun ce iya ruwa fid da kai. Wasa halal ba laifi ba ne, amma dukiyar da aka zuba a abin da zai yi wata bakwai a rufe cikin gareji tana bukatar a yi mata hisabi tun kafin ta fita daga aljihu.

Shi ya sa da yawa daga magidantan Minesota su kan fara da haya. Su ɗauki jirgin ganguna yini guda, wani makon su ɗauki babur awa biyu, su ga wanda aka sauka daga kansa ana dariya da wanda aka sauka ana gardamar layi. Wanda zai kai abin wani ruwa dabam kuma sai ya fara zuwa ya dubi ruwan. Inda kainuwa da kacalla suka rufe, ko masunta suka shimfiɗa taru, bututun babur ya kan toshe cikin 'yan mintoci, farfelar jirgi ma ta kan naɗe. Sai a nemi Sarkin Ruwa na wurin a tambaye shi inda kututture ya ke a ƙarƙashi, da watan da ruwa ke janyewa, da kuma garin da a ke samun makanikin da ya taɓa buɗe irin injin.