Hura Nan, Uwa: Yadda Ungozomomin Ingila Ke Raba Masu Ciki da Sigari

A ɗakin awon ciki a Ingila, tambayar da ta daɗe tana yi wa ungozoma nauyin baki ita ce: "Kina shan taba?" Mai juna biyu ta san amsar da ake so, sai ta ce a'a, ko ta ce ai ta rage. Ita kuma ungozoma ba ta son ɓata tsakaninta da matar da za ta riƙa gani har haihuwa, sai ta rubuta ta wuce. Kowa ya tsira da kunyarsa, ɗan da ke ciki ne ke kwana a ciki.

Hayaƙin sigari na ɗauke da iskar guba, kabon monoksaid, wadda ke manne wa jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin. Nikotin kuma yana matse jijiyoyin jini, sai abin da ke ratsa mabiyiya zuwa ga ɗan tayi ya ragu. Daga nan ake samun ɓari, bakwaini, jariri ɗan tsurut, haihuwar ɗa ba rai, ko mutuwar jariri farat ɗaya cikin barci.

A 2010 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Ingila, ta ba da shawarar a riƙa gwada numfashin kowace mai ciki tun zuwanta awo na farko. Na'urar ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Mace za ta riƙe numfashi na ɗan lokaci, ta hura a bututu, lambar da ke nuna yawan kabon monoksaid ta fito. A yau idan ta kai 4 ko ta haura, akwai magana.

Sai dai na'ura ba ta iya magana ba, shi ya sa horon ungozoma ya fi ɗaukar hankalina. A arewa maso gabashin Ingila, inda shan taba ya yi katutu, an ƙaddamar da shirin babyClear a wajajen 2013. An koya wa ungozomomi su gwada kowa da kowa kamar yadda ake auna hawan jini, don kada wata ta ga an tsangwame ta. An koya musu faɗin illar ƙarara, ba faɗa ba gori. Kuma sun daina tambayar "Kina son a taimake ki?" Duk wadda lambarta ta hau, kai tsaye ake tura sunanta ga masu taimaka wa mutane barin taba, sai in ita ce ta ce ba ta so. Binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa waɗanda ake turawa sun ninka fiye da biyu, masu barin tabar kafin haihuwa kuma sun kusa ninkawa.

A Gilasgo ta Sikotlan an jarraba ƙarin kwaɗaitarwa: takardun sayayya da suka kai fam 400. Sakamakon 2015 ya nuna kusan kashi 23 cikin ɗari sun bari, yayin da waɗanda ba a ba su ba kashi 9 ne kawai. Zuwa 2023/24, masu shan taba a lokacin haihuwa a Ingila sun sauko zuwa kashi 7.4 cikin ɗari.

A wajenmu mata masu shan sigari ba su da yawa, amma shisha ta shiga gari, maigida kuma yana zuƙar tasa a ɗakin da matarsa ke kwana. Gubar nan ta kabon monoksaid dai ita ce ke fita daga murhun gawayi da janareta. A ganina, ko ba na'ura, ungozomarmu na iya ƙara tambaya biyu ranar awo: "Wa ke shan taba a gidanku? A ina kike girki?" Idan amsar ta nuna maigida ne, to a nemi ya rako ta awo na gaba, a yi maganar da shi.