Ruwa a ƙirji da gwajin ADA: yadda ake gano tarin fuka idan ya ɓuya

Sau da yawa akan tare mu da tambaya bayan karatu: an kai mutum asibiti da ciwon haƙarƙari da sarƙewar numfashi, an ce ruwa ya taru masa a ƙirji, an gwada kakinsa ba a ga komai ba, amma likita ya ce tarin fuka ne. Sai dangi su shiga kokwanto, wasu su ce jifa ne, a mayar da shi gida. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayanin gwajin da likita yakan dogara da shi a irin wannan hali.

Huhu yana lulluɓe da tantani biyu, ɗaya manne da huhun, ɗayan da bangon ƙirji, tsakaninsu ɗan danshi ne kawai. Idan ƙwayar tarin fuka ta taɓa wurin, jiki yakan turo fararen ƙwayoyin jini su yaƙe ta, ruwa ya cika tsakanin. Sai dai ita ƙwayar cutar kaɗan ce ƙwarai a cikin ruwan. Da wuya a gan ta a madubin likita. Ko na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, ta fi rasa ta a ruwan ƙirji fiye da a kaki. Shuka ta kuwa sai an jira makonni.

To, tunda ɓarawo ya ɓuya, sai aka koma duba sawun masu bin sa. Fararen ƙwayoyin da ake kira limfosayit da makurofaj, idan suka zafafa da yaƙi, suna fitar da wani sinadari mai suna adenosin diyaminez, a taƙaice ADA. Yana cikin jinsin enzayim, wato sinadaran da ke hanzarta juya wani abu zuwa wani a cikin jiki. Shi aikinsa ya juya adenosin zuwa inosin, amoniya ta fita. A 1978 wasu likitoci a Italiya suka wallafa cewa yana hawa a ruwan ƙirjin masu tarin fuka.

A ɗakin gwaje-gwaje ƙarfin aikinsa ake aunawa. Likita zai sa allura tsakanin haƙarƙari ya ɗebo ruwa kaɗan. A juya shi a na'ura har laka ta kwanta, a ɗibi tatacce, a zuba masa adenosin, a ajiye awa guda a ɗumin digiri 37, daidai da ɗumin jikin mutum. Sannan a ƙara wasu sinadarai da ke mayar da amoniya shuɗiya. Gwargwadon duhun shuɗin, gwargwadon aikin da ADA ya yi, na'ura ce take karantawa da haske. A gefe akan ajiye kwalba ta biyu wadda ba a bari ADA ya yi aiki a cikinta ba, don a cire amoniyar da dama can take cikin ruwan. Wannan ita ce tsohuwar hanyar Giusti da Galanti, mai araha, ko da yake yanzu akwai injuna masu yin aikin cikin mintuna. Abin lura a ƙasashenmu masu zafi: idan ruwan ya daɗe a rana kan hanyar kai shi birni, ƙarfin sinadarin yana raguwa, lamba ta fito ƙasa da gaskiya.

Galibi ana ɗaukar 40 a kowace lita a matsayin iyaka. Ƙasa da haka, da wuya ya zama tarin fuka. Sama da haka, idan kuma limfosayit ne suka rinjaya a ruwan, zato ya yi ƙarfi sosai a wuraren da cutar ta yawaita irin namu. Amma lambar ba ta yanke hukunci ita kaɗai, domin takan hau idan mugunya ce ta taru, ko kansar limfoma, ko wani nau'in ciwon gaɓɓai. Kuma ba ta nuna ko ƙwayar mai bijire wa magani ce.

Inda muka fi jin tsoro shi ne wannan ruwa yakan iya tsotsewa da kansa cikin 'yan watanni. Majinyaci ya miƙe, a ce jiƙon da aka ba shi ne ya yi aiki, alhali ƙwayar tana nan. Da yawa daga waɗanda ba su sha magani ba cutar takan dawo musu bayan 'yan shekaru, a huhu ko a wata gaɓa. Maganin na wata shida ne, kuma ana shan sa har ƙarshe ko da ruwan ya ƙafe tun a watan farko.