BABI NA UKU: Koyon Tuƙi da Haɗurran Hanya a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda aikin noman rani ya kafu a wannan yanki bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, da yadda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta ci gaba da kula da shi tun daga 1976. A wannan babi kuwa za a dubi wani abu da noman ya jawo, watau yawan zirga-zirgar ababan hawa, da kuma yadda masu tuƙa su suke koyon sana'ar. Abin da ake son a nuna shi ne, akasarin direbobin wannan yanki a tasha suka koyi tuƙi, saboda haka duk wani ilimi da ake son ya rage asarar rayuka, tilas ne ya bi su can.

3.1 Hanya da Lokacin Kaya

Babban titin Kano zuwa Zariya shi ne ya ratsa tsakiyar yankin. Ya bi ta Ƙarfi da Kura da Kadawa da Ciromawa, sannan daga Ƙarfi wata hanya ta balle ta nufi Bunkure da Rano. Ban da waɗannan akwai hanyoyin burji da suka bi gefen magudanan ruwa zuwa cikin gonaki. Dukkansu a ƙarshe babban titi suke zubo wa jama'a da kaya.

Matsalar ba ta zuwa daidai a kowane wata. Daga wajen Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatir ya nuna, kasuwar Kwanar Gafan takan cika maƙil da manyan motoci masu lodin kwanduna zuwa Legas da sauran garuruwan kudu. Tumatir kuwa ba ya jira. Idan ya yi kwana biyu ko uku a cikin kwando sai ya fara ruɓewa, kuɗinsa ya faɗi. Don haka mai kaya yana matsa wa direba, direba kuma yana son ya sauke ya dawo ya sake wani lodin kafin kaka ta wuce. Tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, kuma yawanci da dare ake yin ta domin gudun zafin rana. A daidai wannan lokaci ne kuma hazon hunturu yake rufe hanya. Bugu da ƙari, a kan ga shanyar shinkafa ko ta tumatir a gefen kwalta, watau wurin da ya kamata mota ta raɓe idan ta sami matsala, ga tarakta da amalanken shanu da ba su da fitila, ga kuma babura ɗauke da buhunan taki suna fitowa daga hanyar gona ba tare da tsayawa ba.

3.2 Yadda Ake Koyon Tuƙi

Hanyar da aka saba da ita ita ce ta zama yaron mota, wanda wasu suke kira karen mota. Yaro yakan fara da wanke mota da ɗaure kaya da sa waigi a bayan taya. Daga nan sai ya riƙa tayar da inji da safe, sannan a bar shi ya gyara tsayuwar mota a cikin tasha. In ya shekara biyu ko uku, maigidansa ya ga hannunsa ya faɗa, sai ya fara ba shi sitiyari a inda hanya take miƙe. Wata rana kuma a yaye shi, a nema masa mota.

Bai kamata a raina wannan makaranta ba. Wanda ya fito daga cikinta ya san kukan inji, ya san gyaran da za a yi a daji inda babu makaniki, ya san kowace kwana da kowane rami tun daga Kano har Legas. Ɗalibin makarantar koyon tuƙi ta birni ba ya samun rabin wannan. Amma akwai giɓi babba a cikinta. Maigida yana koyar da abin da hannu yake yi ne kawai, ba ya faɗin dalili, domin shi ma ba a faɗa masa ba. Har ila yau yaro yana ɗaukar halin maigidansa gaba ɗaya, mai kyau da marar kyau. Idan maigida yana bin hannun da ba nasa ba don ya rage nisan zagaye, ko yana shan wani abu don korar barci, yaron zai tashi yana ganin haka sana'ar take. Ai kowa ya san abin da babba ya yi shi ƙarami yake kwaikwayo.

Game da babur kuwa, ko wannan makaranta babu. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku yakan koya a hanyar gona cikin yini guda, gobe a aike shi Kura sayen magani ko mai, ya hau titin da tirela take gudu.

A hukumance dai akwai tsari. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a watan Fabrairu na 1988, kuma doka ta ce sai mutum ya cika shekara 18 zai sami lasisi, bayan ya bi ta makarantar koyon tuƙi da hukumar ta amince da ita. A 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Sai dai irin waɗannan makarantu a birni suka fi yawa, akwai biyan kuɗi, kuma alamomin hanya da takardun gwaji da Ingilishi aka rubuta su. Yaron motar da ya yi karatun allo kaɗai yakan ga wannan tsari ba dominsa aka yi ba. Abin da ya faru a watan Janairu na 2009 ya isa misali. Da aka tilasta wa masu babura sanya hular kwano, sai wasu 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. An sanar da su doka, ba a fahimtar da su abin da hular take yi wa ƙwaƙwalwa ba, sai suka ɗauke ta tamkar wani sabon haraji.

3.3 Abin da Ba a Koya wa Yaron Mota

Abu na farko shi ne lissafin gudu. Motar da take tafiya kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga haɗari ya ɗaga ƙafa ya taka birki, daƙiƙa ɗaya ko fiye ta wuce, watau motar ta riga ta ci mita 25 ba a rage mata komai ba. Bayan haka, idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata kafin mota ta tsaya yakan ninka sau huɗu. Ga motar da aka yi wa lodi fiye da kima abin ya fi haka muni, domin nauyi yana tura ta gaba kuma birki yana ɗaukar zafi. Direba yakan ce ya san motarsa, kuma gaskiya ya faɗa, amma sanin mota ba ya rage mita ko ɗaya daga cikin wannan lissafi.

Wayar salula, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, ta ƙara dagula al'amarin, kuma a wannan yanki tana da wani matsayi na daban. Da ita ake cinikin kayan gwari. Dillali yana kira ya ji inda mota ta kai, mai kaya yana kira ya faɗi yadda kasuwa ta tashi, direba kuma ba ya iya ƙin ɗauka domin kada lodin gobe ya kuɓuce masa. To, idan ya dubi fuskar waya na daƙiƙa biyar a gudun da aka ambata, ya yi tafiyar mita 125 ke nan ido a rufe, fiye da tsawon filin ƙwallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa direban da yake amfani da waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari da kimanin ninki huɗu. Ita ce kuma ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a hanya kowace shekara a duniya. A ganin mai wannan bincike, laifin wayar nan bai tsaya ga direba shi kaɗai ba. Mai kiran da ya san mutum yana kan sitiyari shi ma yana da kaso, don haka wayar da kai ya kamata ta haɗa da dillalai da masu kaya.

Sai kuma batun ƙaddara. Idan haɗari ya auku akan ce kwana ne ya ƙare, kuma babu Musulmin da zai musanta haka. Amma malamai sun sha bayyana cewa tawakkali ba ya hana riƙon sababi, kuma shari'a ta ɗora diyya a kan wanda ya kashe rai bisa kuskure. Direba ya fi jin wannan magana daga bakin limamin Juma'a na garinsu fiye da daga bakin jami'in da ya tare shi a hanya, wanda tun daga nesa yake kallonsa a matsayin mai neman tara.

3.4 Inda Ya Kamata a Kai Ilimin

Tun da yake maigida shi ne malamin gaskiya, shi ya kamata a fara koyarwa. Kowace tasha tana da shugabannin ƙungiyar direbobi waɗanda suke tsara layin lodi, kuma maganarsu ba ta faɗuwa ƙasa. Idan suka sharɗanta cewa ba za a yaye yaro ba sai ya zauna darasi da Hausa a kan alamomin hanya da nisan birki da barci, za a bi, domin wanda ya ƙi zai rasa layi. Lokacin da ya dace da wannan darasi shi ne watannin Nuwamba da Disamba, sa'ad da tumatir yake gona bai nuna ba, direbobi kuma suna zaune a tasha suna jiran kaya. Idan aka bari sai Fabrairu, babu wanda zai bar lodi ya zauna sauraron kowa.

Yaran da suke hawa babur kuwa ba su da tasha ba su da ƙungiya. Waɗannan sai ta hannun iyayensu, kuma iyayen manoma ne da suke haɗuwa a ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin rabon ban ruwa da yashe magudanai. A irin wannan zama ne za a iya tayar da maganar shekarun da ya kamata yaro ya kai kafin a ba shi makullin babur ya hau kwalta.