Azot: abin da ya haɗa tsaunin ƙanƙara da gonakin Cadawa

A tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa kusan duk shekara, masu bincike kan kwashe wata baƙar laka daga ƙananan ramukan da ke bisa ƙanƙarar. Azot suke bi, wato sinadarin da manomin Cadawa ke biyan kuɗi ya saya cikin buhun takin zamani.

Azot ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, amma hatsi da dawa ba sa iya ɗaukarsa daga iska. Sai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sun kamo shi sun mai da shi abincin tsiro. A cikin waccan laka akwai irinsu. A Glacier Bay ta Alaska kuma, wani bincike na 1955 ya nuna cewa inda ƙanƙara ta janye ta bar tsakuwa tsurarta, itatuwan da ke ɗauke da waɗannan ƙwayoyi a saiwarsu ne ke fara tara azot, sauran daji ya biyo baya.

Mutanen Agye da Gazawa sun san wannan aiki, ko da ba da wannan suna ba. Wanda ya tumɓuke wake ko gujiya ya ga ƙulle-ƙulle a jikin saiwa, to gidajen ƙwayoyin ke nan. Gawo ma danginsu ne, ga shi yana zubar da ganye da damina, ya bar wa hatsi rana da taki, dabbobi kuma su kwanta ƙarƙashinsa da rani su ƙara nasu. Shi ya sa sassaben zamani, da Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a jihar Maraɗi a 1983, ya samu karɓuwa a garuruwa irin su Ɗan Saga.

Bambancin yana ga zafi. Cikin sanyi ruɓewa tafiyar hawainiya take, azot na fitowa kaɗan-kaɗan. A jigawar Cadawa kuwa, ruwan farko na sauka ƙwayoyin ƙasa ke farkawa su saki azot da yawa lokaci guda, tun saiwar hatsi ba ta yi ƙarfin sha ba. In aka yi ruwa mai yawa, sai ya tsiyaye cikin rairayi. Haka takin ire, mai azot kashi 46 cikin 100: in an watsa shi bisa ƙasa ba a rufe ba, wani kaso iska ke tafiya da shi. Dabarar ICRISAT ta zuba ɗan taki, kimanin giram 6 na 15-15-15 a kowane rami wajen shuka, maganin wannan asarar ce.

Inda abin ya fi damuwa shi ne noman aya, wadda ke kawo wa yankin kuɗi sosai. Aya na cin taki, kuma wajen girbi akan ƙone ganyenta kafin a tone ƙasar a tankaɗe. Toka na riƙe wasu sinadarai, amma yawancin azot ɗin da ke cikin ganyen yana bin hayaƙi, ƙasar da aka tankaɗe kuma ta zauna tsirara tana jiran iskar hunturu. Takin bara, badi sai an sake sayen sa.